Darasi na 12: Ƙwadago, Lada da Wanda Asara Ke Faɗa Wa

Da malamin wannan aji zai ce duk mai karɓar albashi a ƙarshen wata ya ɗaga hannu, hannuwa kaɗan za a gani. Sauran kowa da inda yake nema: mai noman jinga, ɗan dako, ɗan kabu-kabu, lebura a wurin gini, yaron mota, mai tsare wa wani shago, mai surfe da wankau, da wanda kaka na wucewa zai ɗaure jakarsa ya tafi ci-rani. Ba a nan Kucheri kaɗai abin yake haka ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarun 2023 da 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna neman abinci ne a ayyukan da ba su da rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Ke nan mai albashi shi ne baƙo a ƙasar nan, ɗan ƙwadago kuwa shi ne ɗan gari.

Tun farko a riƙe wani abu. Yawancinku da damina ku ke ɗaukar mutane su yi muku huɗa ko girbi, da rani kuma a ɗauke ku a Gusau ko Kaduna ko Abuja. Don haka duk abin da aka faɗa kan haƙƙin ɗan ƙwadago, a saurare shi da kunne biyu: na mai bin lada da na wanda ake bi.

Yadda aka faro

Kakanninmu ba su san albashi ba, amma aikinsu yana da tsari. Gida yana noman gandu tare, maigida ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa saurayi auren fari, yaro kuma yana da gayaunarsa. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya kira gayya, a dama fura, a zo da makaɗa, gobe shi ma ya je ta wani. Kada a ɗauka zamanin adalci ne zalla. An yi bauta, an yi aikin tilas na sarakuna, an ga baran da ya tsufa a ƙofar ubangida bai mallaki ko akuya ba. Sai dai idan fari ya zo, ko ciwo ya kwantar da mutum, ba shi kaɗai yake ɗaukar asarar ba. Ubangidan da ya yar da baransa don ya kwanta ciwo, gari zai yi da shi.

Turawa suka zo da harajin kuɗi, dole mutum ya nemi tsaba. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda, auduga da gyaɗa suka samu hanyar fita, aka samu 'yan dako da leburorin tasha da masu awo. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa a kan tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Shi ne tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyi da cuta sun kashe su a can. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40 saboda tsadar rayuwa, Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa yana gaba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. Dokokin ƙwadagon da za mu karanta nan gaba, irin waɗannan mutane ne suka biya kuɗinsu.

Daga nan aka shiga zamanin masana'antu. Gusau ta samu wurin gurzar auduga, da matatar man gyaɗa, da masaƙar Zamfara Textile. Matashi daga Tsafe ko Bunguɗu yana iya samun lamba a kamfani, ya san ranar albashinsa, ya san yana da ƙungiya da hutu da giratuti. Abin bai ɗore ba. Faɗuwar darajar naira tun daga 1986, da rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri, da ja bayan noman auduga, suka taru suka durƙusar da masaƙun Arewa. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba a biya su ba. Masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Ta Gusau ma ta rufe. Mutanen da suka saba da ƙarar injin saƙa suka koma kan babur da tebur da ƙwadagon gona, a daidai lokacin da gandu ya watse, gayya ta yi ƙaranci. Tsohon tsari ya tafi, sabon bai zauna ba. A tsakaninsu muke.

Wa ke ɗaukar asara?

Ga ma'aunin da za ku riƙa auna kowane aiki da shi. Kada ku tsaya a kan nawa ake biya. Ku tambayi kanku: ranar da abu ya ɓaci, wa asarar za ta faɗa wa?

Lebura ya yi sammako ya je wurin gini, siminti bai iso ba, ɗan kwangila ya ce a dawo gobe. Lebura bai yi laifin komai ba, amma shi ya yi asarar yini da kuɗin mota. Ɗan kabu-kabun da ke tuƙa babur ɗin wani yana kai balas kullum, ko an yi ruwa, ko an rufe hanya, ko fasinja sun yi wuya. Yarinya mai tsaron POS, in aka turo mata saƙon kuɗi na bogi, daga albashinta za a cire. Malamin makarantar kuɗi yana koyarwa wata tara, a ce watannin hutu ba albashi, kamar cikinsa ma yana tafiya hutu. Mai gadin banki ko asibiti yana tsaye a ƙofar wata ma'aikata, amma takardarsa ta wani kamfani ce daban da ya ɗauko shi haya. In ya yi ƙorafi wannan ya ce ba yaronsa ba ne, wancan ya ce kuɗin da aka ba shi ke nan. Akwai kuma waɗanda ake kira ma'aikatan wucin gadi, alhali sun shekara bakwai ko goma suna shara a wuri guda. A duk waɗannan misalai riba tana hawa sama, asara tana gangarowa ƙasa. Wannan shi ne aiki marar tabbas.

Mutanen Zamfara sun ga wannan ƙuru-ƙuru a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, duk don yaƙi da 'yan bindiga. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta wani zama. Abin da ya shafi darasinmu shi ne, mai albashi ya ga albashinsa a ƙarshen wata. Ɗan dakon kasuwa, da mai cajin waya, da mai sayar da kati, da mai tuwo-tuwon da ke jiran ranar kasuwa, babu wanda ya rubuta sunansu balle a yi maganar diyya. Haka da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma ɗan kabu-kabu ne ya fara jin zafin kafin mai babur.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Manomin da gonarsa ta dawa ta gagare shi ya zama ɗan ƙwadago a gonakin bakin gari. 'Yan gudun hijira sun cika Tsafe da Gusau, hannuwa sun fi aiki yawa, kuma mai jin yunwa ba ya iya ciniki. Mafi muni, a wasu ƙauyuka 'yan bindiga suna tilasta wa mutane su yi musu noma da girbi, ko su biya kuɗi kafin a bar su su taɓa amfanin gonarsu. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. Wannan ba ƙwadago ba ne, zalunci ne, kuma hana shi nauyi ne a wuyan hukuma.

Ko ba rikici, aikin gona da kansa yana sauyawa. Maganin feshi ya rage noman firi da maimai da matasa ke samun kuɗi da su. Injin casa ya karɓe sussuka da shiƙar da mata ke samun tiya ɗaya ko biyu da su. Ba wanda zai ce a koma wa wahala, amma a san cewa kowane inji da ya shigo gari akwai wadda ya ɗauke wa abincin dare.

Lissafin babur

A ɗauko alli a yi wannan tare, misali ne kawai. A ce babur yana kan naira 1,200,000, wani mai hali ya ba ka a kan ka riƙa biyan 25,000 duk mako har mako 72. Jimla 1,800,000. Ka biya mako 50, wato 1,250,000, sai zazzaɓi ya kwantar da kai mako biyu. Mai babur ya aiko aka ɗauke abinsa. Ka biya fiye da kuɗin babur ɗin a kasuwa, ga shi ba babur, ba kuɗi.

Akwai doka ta 1965 kan irin wannan ciniki na biya sannu-sannu. Ta ce a rubuta yarjejeniyar a sa hannu. Ta kuma ce in mai saye ya riga ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba shi da ikon ƙwacewa ya mayar nasa sai ta hanyar kotu. Kashi uku cikin biyar na 1,800,000 shi ne 1,080,000. Ka wuce wurin. To amma da me za ka nuna ka biya mako 50, in ba rasit, ba littafi, ba shaida? Nan ne karatun da kuke zuwa yi yake da rana. Littafi mai ganye arba'in, kowane mako a rubuta kwanan wata da abin da aka biya, mai karɓa ya sa hannu, ya isa ya tsare wa mutum gumin shekara guda.

Abin da doka ta ce

Babbar dokar ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974. Ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ko da baki aka ɗauke su ko da takarda. Ba sai kun haddace ta ba, amma waɗannan ku san su.

Sashe na 7 ya ce kafin wata uku su cika da fara aiki, dole wanda ya ɗauke ka ya ba ka takarda mai bayyana irin aikin, da lada, da lokacin biya, da awannin aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Lada kuɗi ne, kuma ba a wuce wata guda ba a biya ba. Ba a cin ma'aikaci tara yadda aka ga dama. Ko ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci, sai da izinin jami'in ƙwadago za a cire masa, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun awa guda, da kwana ɗaya cur a kowane mako. Wanda ya cika shekara yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da biya. Rashin lafiyar da likita ya tabbatar, har kwana 12 a shekara, ba a yanke albashi. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin.

Sallama ma tana da ƙa'ida a sashe na 11. Wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako guda. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata guda. Ke nan "daga gobe kada ka sake zuwa" ga mutumin da ya shekara shida a gidan mai ko gidan burodi saɓa doka ne, sai dai in an biya shi kuɗin watan a madadin sanarwa, ko kuwa ya aikata babban laifi.

Sai mafi ƙarancin albashi. A 1981 naira 125 ne. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya koma 30,000, a watan Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000. In ka raba 70,000 gida 30, za ka samu kimanin 2,333 a yini. Kowa ya auna wannan da kuɗin tiyar masara a kasuwar da ya ci ta ƙarshe, ya ga inda aka kwana. Kuma doka a takarda daban, biya daban: sai a tsakiyar 2024 gwamnatin Zamfara ta fara biyan 30,000 ɗin da aka zartar tun 2019.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta cire masu aikin jinga da na kamasho, da masu aikin 'yan awanni, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona. Ku sake duba jerin da muka fara darasi da shi, ku nemo wanda ya rage. Kusan duk mai neman abinci a Kucheri yana wajen katangar. Ita ma Dokar Ƙwadago ba ta shafi 'yan gidan mai ɗaukar aiki ba, kuma kariyar da ta ba 'yar aikatau ba ta taka kara ta karya ba. A ganina wannan shi ne babban gibin dokokinmu: an ɗinka su ne daidai jikin ma'aikacin masaƙa, ga shi masaƙar ta rufe. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da shawara a 2015 cewa ƙasashe su jawo irin waɗannan ma'aikata cikin inuwar doka. A Ingila, a 2021, kotun ƙoli ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin lada da hutu, duk da kamfanin ya ce masu zaman kansu ne. Rigimar iri ɗaya ce da ta ɗan kabu-kabu da mai babur, kaya kawai ta sauya.

Jiki shi ne jari

Ɗan ƙwadago ba shi da jarin da ya wuce lafiyarsa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka ana niƙa, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. Masu sayen zinariyar ba su shaƙi ƙurar ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, amma rami bai daina ruftawa da mutane ba. Matashin da zai shiga rami ya tambaya tun a sama: in ƙasa ta rufta, wa zai kai asibiti, wa zai riƙe iyali?

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne feshi. Saurayi ya goya tanki yana yoyo a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya gama ya wanke hannu sama-sama ya ci tuwo. Mai gonar da ya iya sayen magani ya iya sayen takunkumi da safa. Kuma jarkar magani ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, komai wankin da aka yi mata.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Mai aiki a kamfanin gini ko na hanya ya tambaya ko an yi masa rajista. Game da yara kuwa, doka ta hana sa ɗan ƙasa da shekara 12 aiki, sai ɗan aikin gida ko na gona marar nauyi a hannun danginsa. Ɗan ƙasa da 16 ba ya shiga rami, ba ya aiki da inji. Iyayen da ke ba da 'ya'yansu mata aikatau a birni ta hannun wata dillaliya, su san gidan, su san ladan, su ji muryar yarinyar da kunnensu, ba ta bakin dillaliya ba.

A yanke magana tun ba a sunkuya ba

Tunda doka ba ta iso ko'ina ba, me ke hannunmu? Abu na farko tsoho ne, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Risala, a babin ciniki, ta gindaya wa ijara sharaɗi: a san wa'adi, a ambaci lada. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ladan da ba a biya ba kuwa bashi ne.

Amma me muke yi? "Haba, je ka fara, ai ba za mu ɓata ba." "Yi kawai, zan gan ka." Ɗan ƙwadago ya ji nauyi ya yi shiru, don mai gonar sa'an mahaifinsa ne. Da yamma a miƙa masa abin da aka ga dama, ya karɓa yana murmushi, ya tafi da ciwo a zuci. Wannan kunya ba ta gyara zumunci, ɓata shi take yi a hankali. Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Baba, a faɗa mini ladan tukuna, don kada Shaiɗan ya shiga tsakani." Dattijon kirki ma daɗi zai ji.

Ga samfurin da za a kwafa a allo, da boko ko da ajami:

"Yau Litinin, ... ga watan ..., ni wane na ɗauki wane aikin yankan dawa da ɗaurin dami a gonata ta wuri kaza. Lada naira kaza a kan kowane dami. Na ba da kaza a hannu, saura ranar da aka gama. Abincin rana a kaina. In aiki ya tsaya ba da laifinsa ba, zan biya abin da ya yi. In ya ji rauni a bakin aiki, magani a kaina. Shaidu: wane da wane."

Layi bakwai ne. Wanda bai iya rubutu ba tukuna ya ɗauki maganar a waya da muryar su biyun, a gaban shaida.

Ku da ke ɗaukar mutane, na san ba a kan tudu kuke ba. Taki ya yi tsada, amfanin gona ba ya da farashi tsayayye, wani ma sai ya ci bashi zai yi noman. Duk da haka matsin da kake ciki ba ya halatta maka ka sauke shi kan wanda ya fi ka rauni. In ba ka da kuɗin biya yau, faɗa tun da safe, mutum ya zaɓa. Kada ka rage wa ɗan gudun hijira lada don ka san ba shi da zaɓi, kada ka ba mace rabin abin da ka ba namiji a kan dami iri ɗaya. Shi ma ɗan ƙwadago akwai nasa: wanda ya karɓi kuɗin somin aiki a gona uku ya ɓace, ko ya binne ciyawa da ƙasa ya ce ya yi noma, shi ke sa a daina yarda da sauran.

Abu na biyu shi ne haɗa kai. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma Dokar Ƙwadago ta hana korar mutum don ya shiga. Ba sai ƙungiyar ta kai girman ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, wadda aka kafa a 1978, ba. 'Yan dako goma da suka tsayar da kuɗin buhu ɗaya, suka ajiye ɗan asusun ciwo, sun fi ɗari da kowa ke karya wa ɗan'uwansa farashi. Sai dai a yi hattara da ƙungiyar da aikinta yankan tikiti kawai. Duk wanda ke karɓar kuɗinku kullum, ku tambaye shi littafi: nawa ya shiga, nawa ya fita, wa aka taimaka wa da ya karye. Don tsufa kuma, tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin da mai sana'ar kansa zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Wanda ya iya zubin adashi ya iya wannan.

In an hana ka haƙƙinka, fara da shaidunka da shugaban sana'arku, sannan mai unguwa ko dagaci ko Hisba. Yawancin rigimar lada a nan take mutuwa. In kamfani ne ko ma'aikata, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da na Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a Gusau, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Shari'ar aiki tana da kotunta ta musamman, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ko'ina ka je, tambayar farko ita ce: ina shaidarka?

Tambayoyi da aikin gida

1. Wata mata ta shekara uku tana aiki a gidan burodi, aka sallame ta. Sanarwar kwana nawa doka ta ba ta?
2. Albashin mai gadi 45,000 ne. Nawa ne iyakar abin da za a iya cire masa a wata guda?
3. A misalin babur, mako nawa mutum zai biya kafin ya kai kashi uku cikin biyar?
4. Ku tattauna: a sana'arku, ranar da aiki ya tsaya, wa ke ɗaukar asara? Yaya za a raba ta?

Kowa ya rubuto yarjejeniyar aiki guda, wadda ya taɓa yi da baki ko wadda zai yi a wannan kaka, da sunan aikin, da lada, da ranar biya, da shaidu biyu. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zo da maganar a ka, za mu rubuta ta tare a aji.